Gashin da Ya Fito a Takaba

Ranar da aka yi sadakar arba'in ɗin Hamisu, bayan mata sun watse an kife tukwane, Mukarrama ta zauna a bakin gado ta kwance kanta, karo na farko tun da aka fita da mijin nata. Kalaba huɗu ce aka yi mata, manya, irin waɗanda ba don kyau ake yin su ba. Iya, mahaifiyar Hamisu, ita ta yi su da hannunta, ta kuma ɗauke madubin ɗakin ta kife a bayan akwati. A wurin Iya haka takaba take: ba kwalli, ba turare, ba madubi, kai kuma ba a taɓa shi sai kwana arba'in-arba'in. Malamar Islamiyyar unguwa da ta shigo gaisuwa ta ce wannan na kai da na madubi al'ada ce kawai, ba ya cikin littafi. Iya ta ce ta ji ta gode, aka kawo wa Malama ruwa ta sha ta tafi, kalaba ta zauna inda take. Mukarrama ta bi abin da Iya ta ce. A kwanakin nan ko da igiya aka ce ta ɗaure kan, ɗaurewa za ta yi.

Tsifar ta fara yadda ta saba. Jelar gashin ta warware sumul, mai santsi, miƙaƙƙiya har kafaɗa. Amma da yatsunta suka isa gindin gashin sai suka cije. Wani abu ne a wurin, cunkus, mai kauri, kamar an shimfiɗa soso a ƙarƙashi. Ta ɗauka datti ne na kwana arba'in. Ta ɗebi ruwa ta wanke da sabulun salo har sau uku. Datti ya fita, abin yana nan, ya ma ƙara tashi.

Ba wai ba ta taɓa jin ɗan taurin nan a gindin gashinta ba. Ta san shi, amma ba da sunan gashi ba. Tun tana shekara tara, a gidan Goggo Suwaiba a Ikara inda aka kai ta riƙo bayan rasuwar mahaifiyarta, da zarar ya leƙo sai a ce kai ya lalace, a sayo rilaksa, man nan mai miƙar da gashi, a shafa. Goggo Suwaiba ma'aikaciya ce, ba ta da lokacin fama da yarinya mai ihu in an sa mata mataji. Haka Mukarrama ta tashi. Da ta yi aure a Hunkuyi, a watan farko ta ce wa Hamisu ya sayo mata, ta nuna masa tsohon kwalin. Daga nan bai sake bari ta tambaya ba. Dillalin rake ne, kullum yana hanyar Makarfi, kuma duk bayan wata biyu sai ya dawo da leda: mazarƙwaila a ƙasa, kwalin a sama, da hoton wata mata tana murmushi gashinta ya zubo. Shekara bakwai suna haka. Allah bai ba su haihuwa ba. Kwali na ƙarshe ya kawo shi ran Laraba, zazzaɓi ya kama shi ran Juma'a, kwana shida aka yi ya cika. Kwalin yana cikin akwati, ba a buɗe ba.

To yanzu abin da ba a taɓa bari ya wuce ƙwayar shinkafa ba ya kai gaɓar yatsa da rabi. Ta kamo ɗan tsiro ɗaya a bayan kunne ta ja, ya miƙe, ta saki, ya koma ya nannaɗe. Ta sake ja, ya sake komawa. Tun rasuwar babu abin da ya ɗauke mata hankali daga Hamisu ko na ƙiftawar ido, sai wannan. Da ta farga sai kunya ta kama ta, ta yi maza ta kira Iya a mayar da kalaba.

Iya ma ta ji shi a hannunta. Ta ce kuka ne, kuka yana busar da kai, ta ga matan da gashinsu ya yi fari fat a takaba. Mukarrama ta yarda. Sai dai daga ranar hannunta ya koyi wata ɗabi'a. Tana tankaɗe, tana tsince wake, tana zaune bayan la'asar tana jan carbi, sai ta ji yatsa ya lallaɓa ƙarƙashin ɗankwali yana taɓa tsaga. Wani wuri abin ya fi laushi, kusa da ƙeya. Wani wuri, a tsakiyar kai, kamar wayar ƙarfe. Ta riƙa tambayar kanta, idan ciwo ne, me ya sa ba ya zafi? Idan kuma kuka ne, me ya sa yake ƙaruwa alhali kukan yana raguwa?

Kwancewa ta biyu ta faɗo daidai da hutun Samira, ƙanwar Hamisu, wadda ke karatun aikin lafiya a Makarfi. Samira tana da 'yar sana'a: tana haɗa man kaɗe da man kwakwa da wasu ganyayyaki ta zuba a ƙananan robobi, ta sayar wa mata ta waya. Tsakaninta da matar yayanta akwai wasa tun ranar kai amarya, kuma mutuwa ba ta kashe wasan ba, ta dai rage masa murya. Ta shigo ɗakin ta tarar da Mukarrama da kai a tsefe, ta tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa.

Mukarrama ta ce mata tunda ita ce likitar gidan, ta zo ta duba mata wannan lalura, ko akwai ƙwayar da ake sha. Samira ta zo ta sa hannu, ta buɗa nan ta buɗa can, sai ta fara dariya tana toshe baki kada Iya ta ji.

“Anti, wannan ai ba lalura ba ce. Gashinki ne.”

“Gashina ga shi a hannuna,” in ji Mukarrama, ta ɗago jelar mai santsi.

“Wannan na kwali ne. Naki na Allah shi ne na ƙasan. Shekararki nawa ba ku gaisa ba?”

Mukarrama ta lissafa a zuci. Goma sha tara. Ta ce wa Samira marar kunya, yaushe aka haife ta da za ta koya wa mutum kansa. Samira ta ce ita dai ta ga matar da ta yi shekara goma sha tara tana ɗauke da baƙo a ka ba ta tambaye shi sunansa ba. Daga nan ta zaro waya ta zauna kusa da ita.

Abin da ta nuna mata wani dogon dandamali ne a wata ƙasa, mutane zaune dama da hagu, fitilu ko'ina, mata dogaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta taho har ƙarshen dandamalin, ta tsaya, ta juya ta koma. Mukarrama ta tambayi ina za su. Samira ta ce ba inda za su. Ta tambaya to me suka manto da suke komawa. Samira ta ce tallan kaya suke yi, aikinsu ke nan, su sa tufafi su yi tafiya a gani. Mukarrama ta dubi tufafin ta ce Allah ya shirya su, wasu ko rabin yadi ba su kai ba. Amma ba ta mayar da wayar ba. Wata ce ta fito, baƙa wuluk, doguwa, kanta ba kitso ba komai, gashin ya tashi ya kewaye fuskarta kamar an kifa babbar ƙwarya. Tana tafe gashin yana ɗan rawa, ita kuwa fuskarta a ɗaure, ko murmushi babu.

“Allah sarki,” Mukarrama ta ce a hankali. “Ita ma mijinta ne ya rasu?”

Samira ta kwanta a gado don dariya, har hawaye. Da ƙyar ta iya bayani: ba takaba matar take yi ba, haka ta ga dama ta bar shi, kuma saboda gashin ma ake nemanta. Ta ce da can irin waɗannan matan sai an miƙar musu da gashi ko an ɗora musu na doki kafin a bari su hau wurin, yanzu kuwa da yawa sun ce a ɗauke su yadda suke ko a bari. Har a nan gida, in ji ta, rabin masu sayen manta mata ne da suka daina rilaksa suna neman abin da zai tausasa musu kai. Mukarrama ta sa aka maimaita mata wurin baƙar matar sau uku. Ba kyan take kallo ba. So take ta gane ko abin da ke kan matar shi ne abin da ke ƙarƙashin nata, kuma in shi ne, yaya aka yi gaɓar yatsa biyu ta zama ƙwarya.

Samira ta ga ƙofa ta buɗe, sai ta shigo da buƙatarta. Ta ce in an fita takaba tana son hoton ƙeyar Anti, ba fuska, ba wuya, gashin kawai, ta sa a guruf ɗinsu na waya na mata zalla, domin masu saye sun gaji da hotunan matan waje, suna son su ga kan 'yar gida. Iya, wadda ashe tana tsakar gida tana jin komai, ta ce daga can ba a tallan kan matar ɗanta, kuma Samira ta fito ta hura wuta. Maganar ta tsaya nan.

Amma ta bar wa Mukarrama wata tambaya da ta fi ta farko nauyi. In an gama takaba za ta koma Ikara, gidan Goggo Suwaiba. Ba ɗa, ba 'ya. Kayan ɗaki nata ne, iyayenta suka yi mata. Abin da za ta fita da shi daga gidan nan wanda hannun Hamisu ya sani, gashin nan ne mai santsi. Yakan sa yatsunsa a ciki ran da aka yi sabon gyara, ba ya cewa komai, ya dai shafa. Na ƙasan kuwa bai taɓa ganinsa ba. Bayansa ya fito.

Shin son miƙaƙƙen yake yi, ko kuwa sayowa kawai yake don ta taɓa cewa ya sayo, yadda yake sayo omo da ashana? Ba ta taɓa tambayarsa ba. Wa zai tambayi miji irin wannan? Ta lallaɓa ta tambayi Samira ko Yayanta ya taɓa yi mata zancen. Samira ta ce sau ɗaya dai ya kira ta daga kasuwa, an canja wa kwalin launi, yana tsoron kada ya sayo wanda ba shi ba. Iya kuwa ba ta tambayuwa. Hamisu ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa yana raye, balle a zauna da ita a yi hirar abin da yake so a jikin matarsa. Abokansa maza ne. Abin da ya rage mata shi ne wata rana guda da man ya ƙone ta a bayan kunne har ya yi ɓawo. Ya ɗaga gashin ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ce, “Sannu.” Ta yi kwanaki tana juya wannan sannu. Wata rana ta ji kamar cewa yake ki daina. Wata rana ta ji sannu ce kawai, irin wadda ake yi wa wanda ya yi tuntuɓe.

Wata huɗu da kwana goma suka cika ran wata Asabar. Shirin da aka yi shi ne da safe Samira ta shafa mata man da ke akwati, a wanke, sannan a yi kitso da lalle, ta sa sabon kaya, mata su shigo barka da la'asar. Samira ta yi ta gunaguni amma ta ce za ta shafa, tunda kan ba nata ba ne. Kitson kuwa Iya ta ce ba 'yan matan shago za su yi ba. Ta aika rugar da ke wajen Likoro aka kira Adama, tsohuwar Bafulatana da ta yi wa matan yankin kitso tun Iya tana amarya. Adama ta daina tallan nono, idonta ya yi hazo, amma hannun yana nan.

An ce ta zo da hantsi, ita kuwa ta yi sammako, ta iso kafin a buɗe kwalin. Aka daɗe ana gaisuwa, aka yi wa mamaci addu'a, aka tambayi shanu da jikoki. Sannan ta ce a kawo mata kan ta ji da wa za ta yi aiki. Mukarrama ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafunta, ta zame ɗankwali. An riga an tsefe.

Adama ba ta bi ta kan jelar ba ko kaɗan. Ta tura yatsunta kai tsaye zuwa fata, ta bi daga goshi zuwa ƙeya, ta dawo. Da ta zo tsakiyar kai sai ta tsaya. Ta sake zagayawa da babban yatsa. Ta daɗe a wurin har Iya ta tambaya ko lafiya.

“Yarinya, 'yar wace ce ke a Likoro?” in ji Adama.

Mukarrama ta ce a Ikara ta tashi.

“Ban tambaye ki inda kika tashi ba. Wannan kan na san shi. Gashin tsakiya wuri biyu yake juyawa, ɗaya dama ɗaya hagu, tsaga ba ta tafiya miƙe sai an lallashe ta. Kan Sa'adiya ne, matar Sama'ila mai gyaran keke.”

Sunan mahaifiyarta ke nan. Mukarrama ta waiga ta dubi Iya. Iya ta ce wallahi ita ba ta gaya mata ba, cewa kawai ta yi surukarta za ta fita takaba.

Shekarar Mukarrama shida mahaifiyarta ta rasu. Ba hoto. Abin da take tunawa zane ne mai ruwan ganye, da wata murya tana kiran kaji. Dangi in sun tashi zancenta sai su ce mai haƙuri ce, Allah ya ji ƙanta, su wuce. Ba wanda ya taɓa ba ta wani abu da za ta iya kamawa da hannu. Yanzu ga tsohuwa tana ba da labari tana ci gaba da laluben kan, kamar mai karanta allo. Ta ce Sa'adiya ta karya mata mataji biyu na katako. Ta ce in za a yi mata kitso sai an ware yini, daga hantsi har la'asar, kuma ba ta taɓa cewa wash ba, sai dai ta yi ta ba da labarin mutane har Adama ta manta da ciwon baya. Ta ce tsakanin tsifa da kitso takan bar shi kwana ɗaya ya sha iska, ta zauna a tsakar gida da man shanu a tafin hannu, gashin ya tashi har in ta shiga ɗaki sai ya gogi saman ƙofa. Kishin matan unguwa ke nan, in ji Adama, suna cewa ya yi tauri, suna kuma satar kallo.

Mukarrama ta tambaya ko mahaifiyarta tana son shi haka. Adama ta ce ita ba ta sani ba, ba ta taɓa jin ta yabe shi ko ta kushe shi ba, tana dai ɗauke da shi yadda ake ɗauke da hanci.

Sai ta koma kan aiki. Ta kama wani sashe ta nuna wa Iya inda sabon gashin ya haɗu da tsohon. Ta ɗan ja kaɗan, jelar ta biyo hannunta. Ta ce a nan yake tsinkewa, wata huɗu a ɗaure ba mai ba gyara, mahaɗin ya mutu. Ta ce ita ba ta kitsa gashi iri biyu a kai ɗaya, ba ya kamuwa. Ko dai a shafa man kwali ya zama iri ɗaya, tsawon da ya rage ya rage, a kai wa 'yan shago su gyara, ko a yanke na saman a bar mata na ƙasan, gaɓa uku, ta san yadda za ta yi da shi. Ta naɗe hannu ta ce a ba ta goro kafin su yanke shawara.

Samira ta buɗe baki, Iya ta dube ta, ta rufe.

Mukarrama ta tashi ta shiga ɗaki. Ta buɗe akwati ta ɗauko kwalin. Har yanzu ledar tana ƙanshin mazarƙwaila. Ta zauna da shi a cinya. In ta shafa, da la'asar mata za su ga Mukarramar da suka sani, gashi har kafaɗa ko kusa, kuma ta ci kyautar Hamisu ta ƙarshe yadda ya yi nufi. In ta yanke, za ta koma Ikara da kai kamar na ɗan tsako, bazawara mai shekara ashirin da takwas, Goggo Suwaiba ta riƙe baki, kuma abin da ya shafa da hannunsa ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Ta jira ta ji ko zuciyarta za ta gaya mata abin da Hamisu zai ce. Ba ta gaya mata ba. Abin da ta ji kawai shi ne hannunta ya sake komawa tsakiyar kai, yana neman wurare biyun nan da tsohuwa ta ce. Ta samu ɗaya. Ɗayan bai samu ba, gashin bai kai tsawon da za ta gane ba. Kuma in ta shafa man yau, ba za ta taɓa ganewa ba.

Ta mayar da kwalin cikin akwati, ƙarƙashin zannuwa. Ba ta bayar ba, ba ta kuma buɗe ba. Ta ɗauko almakashin ɗinki ta fito.

Ba Adama ta miƙa wa ba. Ta durƙusa gaban Iya ta ajiye shi a tabarma.

“Iya, in za a yanke, ke nake so ki yanke.”

Iya ta daɗe tana kallon almakashin. Ta ce ita ba ta sa ta ba, ba ta kuma hana ta ba, kada gobe a ce uwar miji ta aske wa suruka kai. Mukarrama ta ce ba wanda zai ce. Iya ta gyara zama, ta yi bisimilla. Adama ce take kama gashin, ta lalubo mahaɗin da yatsa ta ce nan, Iya ta datse. Sannu a hankali suka bi kan, tsofaffi biyu. Ba wanda ya yi magana sai nan, nan, nan. Mukarrama tana jin ƙarar almakashin a cikin haƙoranta. Hawaye suna zuba, ba ta share ba, kuma ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Samira ta shimfiɗa ɗankwali tana tara abin da ya faɗo, don ba a barin gashin mutum a ƙasa iska ta ɗauka.

Da aka gama, Iya ta ƙulle ɗankwalin ta tambaya ko za ta tafi da shi Ikara ne.

“A nan za a binne, Iya.”

Iya ta ɗauki fartanya da kanta ta zagaya bayan ɗakin Hamisu. Ta jima ba ta dawo ba.

Adama ta sa aka wanke kan da ruwan ɗumi, ta murza man shanu a hannu ta bi shi saiwa-saiwa. Ta yi mata ƙananan kitso a kwance, siri-siri, suna bin yadda gashin da kansa yake son tafiya, shi ya sa a tsakiya tsagar ta karkace ta yi kamar ƙugiya. Mukarrama ta shirya jin zafi irin na yarinta, sai ta ji bai kai ba. Ta tambaya shekara nawa zai yi kafin ya gogi saman ƙofa. Adama ta ce ta tambaye ta bayan damina uku, in tana raye. Samira ta ɗauki hoton ƙeyar ta nuna mata, ta rantse ba za ta sa ko'ina ba sai an ce ta sa. Mukarrama ta karɓi wayar ta buɗa hoton da yatsu biyu yadda ta ga ana yi. Ba ta taɓa ganin bayan kanta ba. Ta ce a bar shi a wayar tukuna, za ta yi tunani, kuma in ma za a sa, sai Iya ta ce to.

Da la'asar mata suka cika tsakar gida. Aka yi barka, aka yi addu'a, aka yaba lalle da atamfa. Sai Hajara, maƙwabciyarsu mai sayar da ƙuli, ta ce to a buɗe musu kitson fita su gani, tunda an ce har daga ruga aka ɗauko gwana. Haka ake yi, ba yadda za a ce a'a. Mukarrama ta dubi Iya, Iya tana raba goro ba ta ɗago ba. Ta kai hannu ta kwance ɗankwalin.

Wata daga baya ta ce ikon Allah, ina gashin ya tafi. Wata ta ce takaba ce, haka take cin mutum, zai dawo. Mukarrama ta ce ba takaba ba ce, ita ta ce a yanke. Matan suka kalli juna, ba su san ko jaje za su yi ba ko barka.

Hajara ta matso da gwiwa. Ta ce ta taɓa? Mukarrama ta sunkuyar mata da kai. Hajara ta bi layin kitson da yatsa, ta danna, ta ce ashe da laushi. Ta tambaya da gaske ba a sa komai ba sai man shanu, kuma mataji yana shiga? Mukarrama ta ce ita ma yau ta fara, ba ta sani ba tukuna. Hajara ta waiga ta ga ba namiji a kusa, sai ta ture nata ɗankwalin baya. Gaban goshinta ya cinye har kusan tsakiya, fatar tana sheƙi, ga tabon ƙuna biyu.

“To ni nawa,” ta ce, “in na bari, me kike gani zai fito?”

Mukarrama ta ce wallahi ba ta sani ba. Ta juya ta ce wa Samira ta leƙa zaure ta gani ko Adama ta riga ta tafi.